An Ceci Bulo, An Bar Hannu Ya Mutu

A Wordsley, kusa da garin Stourbridge na tsakiyar Ingila, akwai wani gini na jan bulo da ya yi kama da mazurarin da aka kife, tsayinsa kimanin ƙafa 100. Sunansa Red House Glass Cone. An gina shi a wajajen 1790, aka yi ta narka gilashi a cikinsa har 1936. Irinsa huɗu kacal suka rage a tsaye a duk Birtaniya, sauran ukun suna Catcliffe da Lemington da Alloa. Yau gidan kayan tarihi ne a hannun ƙaramar hukumar Dudley, wadda ta kashe kusan fam miliyan ɗaya da rabi a gyaran da aka kammala masa a 2024. Masu sha'awar tarihi suna ta tafi. Ni kuwa tafina da hannu ɗaya ne, zan kuma faɗi dalili.

Sai an san yadda ginin yake aiki kafin a gane abin da aka rasa. Shi kansa ginin zugazugi ne. Tanderu na tsakiya, an jera tukwanen yumɓu a cikinsa, cike da yashi da toka da darma. Iska tana shigowa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa, ta ratsa garwashin kwal, dogon wuyan ginin ya zuƙe ta sama, wuta ta yi ta ruruwa ba tare da kowa ya zuga ba. Ba banza aka yi wannan dabara ba. Tun 1615 Sarki James na Ɗaya ya hana masu gilashi ƙona itace, don jiragen ruwan yaƙi na bukatar katako, sai suka koma ga kwal, suka bi shi har inda yake. Yankin Stourbridge na da kwal, yana kuma da yumɓu mai jure wuta, shi ya sa iyalan masu gilashi 'yan asalin Lorraine, a Faransa ta yau, suka yada zango a can tun farkon ƙarni na 17.

A kewayen tanderun nan mutane ke aiki rukuni-rukuni. Wannan ya ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, wancan ya hura, maigidan rukuni na zaune a kujerarsa yana murza bututun yana fitar da siffa, yaro kuma ya ruga da abin da aka gama zuwa ramin da zai huce a hankali don kada ya tsage. Awa shida aiki, awa shida hutu, dare da rana. Yaron nan mai gudu shi ne maigidan shekara ashirin masu zuwa. Ba littafi ya koya masa lokacin da gilashi ya nuna ba. Idonsa ya koya, da tsintsiyar hannunsa, da ƙunar da ya sha.

Wannan silsila ita ce gadon, kuma ita ce ta yanke. Kamfanin Stuart Crystal, wanda ya daɗe da mallakar wurin, ya rufe masana'antarsa ta Wordsley a 2001. Ma'aikata suka watse, gini ya zauna daram. Hukuma na son gini saboda gini ba ya neman albashi, ba ya tsufa ya nemi fansho, ana iya kafa masa allo a yanka zare a ɗauki hoto. Ɗan koyo kuwa sai an ciyar da shi shekara da shekaru kafin ya hura kofin da za a saya, ga kuɗin iskar gas na tanderun da ba a kashewa. Wane kansila ne zai ci zaɓe da wannan?

Za a ce ban yi adalci ba. Ai a harabar akwai shagunan masu sana'a, ana hura gilashi a gaban baƙi, a tsallaken titi ma an buɗe Stourbridge Glass Museum a 2022. Gaskiya ne, ban kuma raina ba. Da an rushe mazurarin kamar yadda aka rushe 'yan uwansa da dama a yankin, da asarar ta ninku, don babu zanen da zai nuna wa mutum girman abin kamar ya tsaya a tsakiyarsa ya ɗaga kai ya hango sama ta ƙaramar kafa. Amma nuni daban, sana'a daban. Wanda ya kalli ana hura gilashi na minti ashirin ya sayi tsaraba ya tafi, ya sha kallo ne kawai. Sana'a tana rayuwa ne idan akwai mai saye kullum, da maigida da ke cin abinci da ita, da yaron da ya ga akwai makoma a cikinta.

Ga shaida. A 2023 ƙungiyar Heritage Crafts, mai bin diddigin sana'o'in hannu a Birtaniya, ta sanya hura gilashin taga da baki cikin sana'o'in da suka mutu a ƙasar. Ƙasar da ke cike da tsofaffin majami'u masu tagogin gilashi mai launi, yanzu sai ta sayo irin wannan gilashi daga waje in za ta gyara su. A shekarar dai hukumar UNESCO ta sanya fasahar yin gilashi da hannu cikin gadon ɗan Adam, da sunan ƙasashe shida, ciki har da Jamus da Faransa da Sifaniya. Babu Birtaniya, don sai a 2024 ta amince da yarjejeniyar 2003 mai kare gadon da ba a taɓawa da hannu. Shekara ashirin tana jinkiri a kan mutane, alhali dokar kare gine-ginenta ta tsufa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce kaɗai. A Bida, cikin ƙasar Nufe, akwai unguwar Masaga, inda zuriya bayan zuriya ke narka gilashi suna yin awarwaro da duwatsun ado, yawanci yanzu daga fasassun kwalabe. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. Masagawa ba su da hasumiyar ƙafa 100, ɗakunan aikinsu ƙanana ne da hayaƙi ya turnuƙe, amma suna da abin da fam miliyan ɗaya da rabi bai dawo wa Wordsley da shi ba: tsoho a bakin wuta, yaro a gefensa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da wani jami'i zai dawo daga yawon buɗe ido a Ingila da shawarar a gina wa Masaga katafaren gidan tarihi, a ba da kwangila, a jera awarwaro a akwatin gilashi, ba tare da an tambayi masu aikin nawa suke sayen itace ba, ko wa ya sayi kayansu a watan jiya, ko yara nawa suka rage a ɗakin.