Kun ƙara wa mota ƙarfi, wa ya ƙara wa birki?



Yau maganar mota za mu yi, kuma na san akwai waɗanda ransu zai ɓaci. To a yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wata magana da ta zama abin alfahari a tashoshinmu da garejinmu: "ai an yi mata aiki." Tsohuwar Hilux ko Land Cruiser ce, an ƙara mata sifirin uku ko huɗu a baya, an ɗaga ta sama, an yi mata waldar kariya har ta zarce kan direba, an rataya bido-bidon esansi a gefe. Babur ne na yaro, an huda salansa, an faɗaɗa silinda, an canza haƙoran da ke jan sarƙa don ya ƙara gudu. Mai abin yana tafiya yana hura hanci, wai tasa ta fi wadda kamfani ya fitar. Ni kuwa na ce wannan aikin rabi ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai ceton rai.

Bari mu leƙa wurin waɗanda suka mai da gudu sana'a. Kamfanin Porsche na Jamus yana da wata ƙaramar mota mai ƙofa biyu, 911 GT3, mai ƙarfin doki 510. A shekarar 2022 ya fitar da 'yar uwarta ta filin tsere, GT3 RS, wadda ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Kun san ƙarfin doki nawa aka ƙara mata? 15 kacal, ta zama 525. Abin mamaki ma, a miƙaƙƙiyar hanya ta tseren ta fi jinkiri: tana tsayawa a kilomita 296 a awa, alhali mai arahar ta wancan lokacin tana kai 318. To ina kuɗin suka shiga? Sun shiga birki, da faɗin taya, da sanyaya inji, da wani babban fiffike a baya wanda iska ke danne motar da shi a ƙasa da nauyin kilo 860 idan tana gudun 285. Kafin a sayar da ita sai da aka yi ta zagaya Nürburgring da ita, filin gwaji mai kusan kilomita 21 cike da kwana da hawa da gangara. Wato injiniyoyin da suka fi kowa sanin gudu, dukiyarsu a kan tsayawa da shan kwana suka zuba ta.

Wani zai ce wannan motar Turawa ce, me ya haɗa ta da rairayin Tarka? To mu dawo gida. Manyanmu suna tune da tseren Paris-Dakar da Thierry Sabine ya kafa, wanda tun zagayensa na farko a 1979 ya ratsa Nijar ta Arlit da Agadas, daga baya ya riƙa keta Tenere. Har yau ana yin sa, tun 2020 a Saudiyya. Nasser Al-Attiyah na Katar ya ci shi da Toyota Hilux a 2019 da 2022 da 2023. Sunanta Hilux, amma in ban da suna da kamanni babu abin da ya haɗa ta da ta tasharmu. Cikinta keji ne na bututun ƙarfe wanda ko ta wuntsila ba ya murƙushewa, tankin manta na musamman ne, akwai na'urar kashe gobara, mutum biyu kawai take ɗauka, kowa da hular kwano da ɗamara. Kuma kafin a tashi tsere sai masu bincike sun duba ta ciki da waje, in ta gaza ƙa'ida ba ta shiga.

Mu fa? Mun ɗauki gudun, mun ɗauki tsayin, mun bar kejin da hular da binciken. Sannan maimakon mutum biyu mun ɗora ashirin da wani abu, da buhunan hatsi, da tumaki a sama.

Ku mutanen Damargu kun san raƙumi fiye da ni. Akwai na sukuwa, akwai amalen kaya. Wanda ya ƙara wa sirdi kauri bai ƙara wa raƙumi ƙafa ba. Ƙarin sifirin haka yake. Yana hana bayan mota zama ƙasa, shi ke nan aikinsa. Aksul ɗin na jiya ne, rulma na jiya, kusoshin taya na jiya, shasi na jiya, birki na jiya. Da can, in lodi ya yi yawa, motar da kanta take gaya maka ta hanyar durƙusawa. Yanzu an toshe mata baki. Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya an ƙera su ne su ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, har da mutanen da ke ciki. Buhu goma masu kilo ɗari-ɗari sun cinye wannan lissafin tun fasinja ko ɗaya bai hau ba.

Ga wani lissafin da ba ya karɓar cin hanci. Idan ka ninka gudu biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Motar da ke tsayawa a mita 20 tana gudun 60 a kwalta mai kyau, a gudun 120 sai ta ci mita 80. Idan ka ninka nauyi biyu, zafin da birki zai sha ya ninka biyu, kuma birkin da ya yi zafi fiye da kima taka shi kake yi yana tafiya. Idan ka ɗaga mota sama ka kuma jibga kaya a kariya, nauyinta ya koma sama, ɗan kauce wa rami ko jaki ya isa ya kifar da ita. Duk wanda ke bin babbar hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas, ko hanyoyin rairayi na ƙauyukan Tarka ranar kasuwa, ya san ramuka da dabbobi ba sa yin sallama.

Babur ɗin samari ma haka ne. Inji 125 ne, birkinsa da tayarsa da ƙarfen jikinsa an auna su daidai da gudun da kamfani ya ba shi. Ka ƙara masa gudu, ka hau ba hular kwano, ku uku, ranar rakiyar amarya, a cikin gari inda yara ke tsallaka hanya. Ƙarar salansa tana sa ka ji kamar kana Dakar. Shi ɗan Dakar jirgi mai saukar ungulu da likita na biye da shi. Kai in ka faɗi a Belbeji da mummunan rauni a kai, wataƙila sai an kai ka babban asibitin Damagaram, tafiyar awoyi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce talauci ne. Sabuwar Land Cruiser ba ta talaka ba ce, motocinmu tsofaffi ne da suka gama aiki a wata ƙasa kafin su iso nan, mota ɗaya ce ke zuwa wani ƙauyen a mako, in direba bai cika ta maƙil ba kuɗin gazuwal ma ba ya fita. Za a ce kuma makanikanmu gwanaye ne, da hannunsu suke rayar da motar da Bature ya jefar. Duk gaskiya ne, kuma ina girmama su. Ban ce a daina gyara ba, ban ce duk abin da ba na kamfani ba ne banza ne. A Ostireliya, ƙasar da ita ma ke ji da Land Cruiser da sahara, ana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya bayan an saye ta. Amma sai da kayan da aka gwada, sai injiniya mai izini ya duba ya sa hannu, a rubuta sabon nauyin a takarda. Bambancin ke nan: akwai wanda ya auna, akwai wanda za a kama in abu ya lalace. A wurinmu wa ya auna? In aksul ya karye a hanyar Bakin Birji, sai a ce ƙaddara, a rufe magana. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta ɗora buhu na ashirin ba.

Kuma talaucin da ya iya biyan kuɗin sifirin da walda da fenti da fitilu masu walƙiya, don me yake tashi sai an zo kan birki da taya? Abin da ake gani shi ake saye. Birki ba ya ado, shi ya sa ake barin sa.

Saboda haka ga kirana.

Makanikai, iyayen gidanmu: wanda ya kawo mota a ƙara mata ƙarfi, ku fara da birki da man birki da taya da rulma. In ya ce ba shi da kuɗin wannan, to ba shi da kuɗin ƙarin ma. Ku ne injiniyoyin da muke da su, sa hannunku shi ne sunanku a gari.

Direbobi da sandikarku: nauyin da aka yarda motarku ta ɗauka yana rubuce a kart giris. Ku karanta shi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar da ta haura shekara goma, ko zanenta na nan, zafin watan Afrilu da Mayu ba ya raga mata.

Jandarmomi da masu bizit teknik: takarda ba ta taka birki. A duba motar kanta, a ƙirga mutanen da ke sama.

Iyaye: wanda ya saya wa ɗansa babur, ya haɗa da hular kwano, ya kuma saurari ƙararsa. In ta canza, an taɓa shi.

Fasinjoji, musamman iyayenmu mata masu zuwa kasuwa da goyo: kuna da ikon cewa a'a. Kuɗinku kuka biya, ba alfarma aka yi muku ba. In kun ga lodi ya wuce hankali ku faɗa da babbar murya, ku haɗa baki, direba ɗaya ba ya jayayya da mutum ashirin.

Masu motar tsere sun fi kashe kuɗi a kan yadda za ta tsaya. Mu da muke ɗaukar mutane da abincinsu a tsofaffin motoci mun fi su buƙatar wannan hankalin.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.