Ihu Bayan Hari: Majalisar Dokokin Sakkwato da Kuɗin Jama'a

A Sakkwato an saba buɗe littattafan kuɗin gwamna ne bayan ya bar gado. Attahiru Bafarawa ya sauka a 2007, hukumar EFCC ta gurfanar da shi a 2009 bisa zargin almundahanar kusan naira biliyan 15, aka yi ta kai da komo har 2018, sannan Babbar Kotun Jiha ta sallame shi ta kuma wanke shi. Aminu Waziri Tambuwal ya sauka a 2023, magajinsa Ahmad Aliyu bai jima da hawa ba ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Mu'azu Pindiga domin bin kadin yadda aka sayar da kadarorin gwamnati. A watan Agustan 2025 kuma EFCC ta tsare Tambuwal ta yi masa tambayoyi kan zargin cirar tsabar kuɗi naira biliyan 189, zargin da magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ko da gaskiyar tana wajen mai zargi ko tana wajen wanda ake zargi, akwai tambayar da aka tsallake: a cikin shekaru takwas ɗin da kowannensu ya yi yana kashe kuɗin, ina Majalisar Dokokin Jiha take?

Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan aiki a hannun magajin gwamna ba, bai kuma bar shi sai wa'adi ya ƙare ba. Sashe na 120 ya hana a ciri kwabo daga asusun jiha sai da izinin dokar da majalisa ta yi. Sashe na 125 ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar lissafin shekara daga Akanta Janar, ya kuma ce majalisa ta sa kwamitinta mai kula da asusun gwamnati ya duba rahoton. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincike domin tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci a kashe kuɗin da ta amince da shi, na 129 kuwa ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida, in ya ƙi a ba da takardar kamo shi. 'Yan majalisa 30 da ke zaune a Sakkwato suna riƙe da makamin da babu hukumar binciken da ke da irinsa, domin su suna iya tambaya tun kuɗin bai bar asusu ba.

Abin da jama'a suka saba gani a jihohi shi ne rabin farko na aikin. Gwamna ya zo zauren majalisa da kundin kasafi, kwamishinoni su bi layi gaban kwamitoci su kare abin da aka ware musu, a ɗauki hoto, a zartar, a sa hannu. Rabi na biyu, wanda shi ne mai gumi, ba a cika jin ɗuriyarsa ba: a koma wa kwamishinan nan bayan wata shida a ce masa, an ware maka kaza, nawa aka sakar maka, wa ka ba kwangila, a kan nawa, ina aikin? Alƙalumman kasafi alkawari ne kawai. Ana iya rubuta wa asibitoci biliyoyi a saki kaɗan, a rubuta wa wani ofishi kaɗan a ƙara masa ta hanyar ƙaramin kasafi ko karkatar da kuɗi daga gurbi zuwa gurbi. Wanda ya tsaya a ranar zartarwa ya ga shuka ne kawai, bai ga abin da ya shiga rumbu ba.

Kuɗin kuwa ya ƙaru. Kasafin da gwamna ya gabatar na 2024 ya kai kimanin naira biliyan 270, na 2025 ya haura biliyan 526, a daidai lokacin da cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira suka kumbura kason da jihohi ke karɓa daga Abuja. Wannan kuma jiha ce da ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2022 ta sa a gaba da kowace jiha, da kusan kashi 91 cikin ɗari na mutanenta. A irin wannan wuri, naira ɗaya da ta ɓace hanya magani ne da bai isa asibitin ƙauye ba.

A dubi batun rijiyoyin burtsatse. A watan Satumban 2024 aka ji gwamna yana maganar naira biliyan 1.2 kan rijiyoyi 25, jama'a suka raba suka sami miliyan 48 kowace ɗaya, ƙasar ta ɗauki dumi. Gwamnati ta fito ta ce aikin yana ƙarƙashin wani shiri ne na Bankin Duniya, rijiyoyin masu aiki da hasken rana ne, kuma kuɗin ya haɗa da wasu ayyuka. Mai yiwuwa bayanin daidai ne. Sai dai muhawarar da mutane suka gani a Facebook ta gudana, tsakanin masu zagi da masu kare gwamnati, babu mai riƙe da takardar kwangila a cikinsu. Zama ɗaya a buɗe gaban kwamitin majalisa, da injiniya da jerin kayan aiki da farashinsu a kan tebur, da ya raba gardamar, ko dai ya wanke gwamnati sarai ko ya ceto kuɗin.

Ba rashin takardu ba ne matsalar. A ƙarƙashin shirin Bankin Duniya da ya riƙa ba jihohi lada idan sun wallafa kasafinsu da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku da lissafin da aka tantance, Sakkwato ce ta fi kowace jiha samu a rabon ƙarshen 2020, sama da naira biliyan 6. An wallafa, an karɓi lada. Amma takardar da ke kwance a intanet ba ta tambayar kowa komai. Sai wani mai iko ya karanta ta, ya kira babban sakatare, ya ce shafi kaza, yi bayani.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne majalisar da ke jiran gwamna ya ba ta kuɗin man mota ba za ta iya ɗaga masa murya ba. Gaskiya ne, amma uzurin ya tsufa. A 2010 majalisun jihohi da kansu suka kasa ba da ƙuri'un da ake bukata domin 'yancin kuɗin kansu, abin da ya isa ya ba mai hankali dariya da takaici a lokaci guda. An gyara tsarin mulki a 2018, aka sake ƙarfafa gyaran a 2023. Abin da ya rage yanzu biyayyar siyasa ce. Lokacin da Tambuwal ya bar APC zuwa PDP a 2018, 'yan majalisa 18 cikin 30 suka bi shi. Wanda ke sauya jam'iyya da sauyawar gwamna ba a jiransa da tambaya mai zafi a watan kasafi.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, shi ne tsaro. Jihar da 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, wadda ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, ba za ta karanta kuɗin leƙen asiri a bainar jama'a ba. Haka ne. Amma sirri daga jama'a daban, sirri daga majalisa daban. Ana iya zama a rufe da 'yan majalisa kaɗan daga ɓangarorin biyu, a ga rasit, a sa hannu. Kalmar tsaro idan ta zama bargon da ke rufe kowane kashe kuɗi, mutumin Sabon Birni ne farkon wanda aka cuta, domin da sunansa aka ciri kuɗin.

Kada kuma a ɗauka kwamiti waliyyi ne. Tambuwal da kansa yana Kakakin Majalisar Wakilai a 2012 aka kafa kwamitin Farouk Lawan, wanda ya tona asirin badaƙalar tallafin mai, daga baya kotu ta ɗaure shugaban kwamitin kan karɓar cin hancin dala 500,000 daga ɗaya daga cikin waɗanda yake bincika, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2024. Sa ido a ɓoye yana saurin komawa ciniki. Shi ya sa buɗe ƙofa yake kare jama'a daga ɗan majalisa kamar yadda yake kare su daga kwamishina.

Gyaran ba ya bukatar taɓa tsarin mulki, dokokin zaman majalisa sun isa. Ingila ta kafa kwamitin asusun gwamnati a 1861, al'adarta kuma ita ce ɗan adawa ke shugabantarsa, Majalisar Tarayya a Abuja ma haka take yi. Majalisar da Tukur Bala Boɗinga ke jagoranta tana iya rubuta wannan a ƙa'idojinta, ta ƙayyade wa kwamitin wa'adin kammala duba rahoton Babban Mai Bincike, ta bar gidajen rediyo su watsa zaman da Hausa, ta kuma wallafa sunan kowace ma'aikatar da aka tuhuma da amsar da ta bayar. Lauyoyi da akantoci da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka iya karatun irin waɗannan takardu, suna iya farawa da rubuta wa Akawun Majalisa takarda mai tambaya uku: yaushe rahoton ƙarshe ya iso, yaushe kwamitin ya zauna a kansa, kuma wane jami'i aka umarta ya mayar da kuɗi.