Kafin A Taɓa Maɓallin Sabuntawa

Ɗalibin da ya yi wata biyu yana zaga ƙauyukan Madawa, Buza da Keita yana ɗaukar maganar dattawa yakan dawo da dukiyar da ba a saye a kasuwa. A bakinsu ne ake jin "hwara" a wurin "fara", da "ɗiya" a wurin "ƴa", da sunayen itatuwa da na kayan noma waɗanda ba su shiga ƙamus ba. Sai dai wannan dukiya takan ƙare a cikin rumbun bayanai na kwamfuta, kuma a nan ne tambayar da ake rainawa take tasowa: wace siga ta manhajar za a yi aiki da ita?

Masu nazarin harshe sun daɗe suna amfani da manhajojin ƙungiyar SIL. Shoebox ta fara zuwa, Toolbox ta gaje ta, sannan FieldWorks, wadda aka fi sani da FLEx, ta zama abin hannun masu haɗa ƙamus. Sha'awar ɗalibi kullum ita ce ya sauko da sigar da ta fito jiya. Abin da ya fi dacewa shi ne sashen nazarin harshe ya tsayar da siga guda tabbatacciya, kowa ya zauna a kanta har aikin ya kammala.

Dalili na farko yana cikin yadda FLEx take aiki. Idan aka buɗe aikin da aka yi da siga ta 8 a cikin siga ta 9, manhajar takan sauya tsarin bayanan, kuma tsohuwar ba za ta ƙara buɗe shi ba. Ɗalibi ɗaya da ya sabunta tasa a Tawa, inda ya samu intanet, ya isa ya raba abokin aikinsa da ke Buza da rumbun da suke tarayya a kai. Wanda yake ƙauye, yana lallaɓa cajin kwamfutarsa, ba shi da halin sauko da babbar manhaja don ya cim ma ɗan'uwansa. Sigar gwaji kuwa an fitar da ita ne don a gano kurakuranta, kuma kundin digiri ba wurin wannan gwaji ba ne.

Wasu za su ce, in haka ne, a tsaya ga tsohon hannu. Wannan ma yana da nasa haɗarin. Ayyukan da aka yi kafin tsarin Unicode sun dogara ga haruffa na musamman da aka ƙera don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Da zarar an kai su wata kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, sai ƙugiya da alamun karin sauti su rikiɗe su koma wasu alamomi. Rumbun da ba ya bambanta "kafa" da "ƙafa" ya rasa amfaninsa. Saboda haka sharaɗin farko ga kowace siga shi ne ta riƙe Unicode.

Littafin Bernard Caron a kan Hausar Adar, wanda ya fito a 1991, ana karanta shi har yau domin takarda ba ta neman sabuntawa. Darasin da ke nan shi ne kada a bar bayanai a cikin manhaja kaɗai. FLEx tana fitar da ƙamus a tsarin LIFT, Toolbox kuma tana ajiye komai a rubutu tsantsa. A riƙa fitar da irin wannan kwafi, a ajiye shi a wuri biyu tare da sautin da aka ɗauka, a kuma rubuta lambar sigar a cikin kundin.

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, buƙatar ƙamusoshin da suka san da Adaranci ta ƙaru. Ya rage ga malamai su yanke shawarar siga tun farkon shekarar karatu, su jinkirta duk wata sabuntawa zuwa lokacin hutu, bayan an adana kwafi. Dattijon da aka ɗauki maganarsa a Keita bana, ba lallai ne a same shi baɗi ba.