Haƙurin da ke komawa hawan jini

A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu sun fito ne daga yankin Kance a jihar Damagaram. Gwamnati ta ayyana makokin kwana uku, aka yi gaisuwa, aka ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa.

Amma uwar da ta tsira ta baro ɗanta a cikin rairayi, har yanzu tana tare da abin. Idan ɗan fari ne ma, kunya ba za ta bari ta ambaci sunansa ba, balle ta zauna ta ba da labarin yadda ya cika.

Likitoci sun san inda irin wannan shiru ke ɓullowa. Duk lokacin da mummunan tunani ya dawo, ƙwaƙwalwa kan ɗauka haɗarin yana nan, sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, barci ya ƙaurace. Idan aka shekara da shekaru a haka, ana iya ƙarewa da hawan jini, yawan ciwon kai ko ciwon ciki. Bahaushe ma da kalma ɗaya yake kiran ɓacin rai mai tsanani da cutar da likita ke aunawa: ciwon zuciya.

Ba kowane hawan jini ne daga damuwa yake ba. Gado da gishiri da ƙiba suna da nasu kason, kuma babu mai cewa a ajiye magani. Kuskuren shi ne a auna jini, a rubuta ƙwayoyi, a sallami mara lafiya ba a tambaye ta abin da ya same ta ba.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa ba sai an jira ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba. Kamata ya yi hukumomin lafiya na jihar Damagaram su kai wannan horo har asibitocin karkara na Kance da Magarya, su haɗa da ungozomomi da malaman da ke jagorantar zaman makoki, tunda su ne mata ke fara kai wa kukansu.