Uwargida, Kada Ki Yi Saurin Ba Yaro Amsa

Yau ina so mu duba wata ɗabi'a tamu, mu iyaye, wadda a ganina take yi wa ilmin 'ya'yanmu illa tun kafin su taka ƙofar makaranta. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ba shi da aiki sai tambaya. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Ina ruwan da aka zubar a tsakar gida ya tafi? Mu kuwa amsarmu ɗayan biyu ce. Ko dai mu daka masa tsawa mu ce ya cika surutu, ko kuwa, in uwar ta taɓa boko, ta karanto masa abin da ta haddace a makaranta ta sallame shi. Ta farkon kowa ya san ba ta da kyau. Ta biyun ce nake so in jawo hankalinku a kanta, domin ita ma kashe maganar take yi.

Abin da ake kira kimiyya asalinsa shi ne mutum ya ga abu, ya yi zato, sa'an nan ya gwada ya ga ko zaton nasa ya yi daidai. To, yaron da aka saba sa masa amsa a baki, yaushe zai koyi yin zato, balle gwadawa? Sai ya tashi da tunanin cewa sani yana bakin manya ne kawai, nasa ya saurara ya haddace. Da haka zai je sakandare, ya haddace sunayen abubuwan da bai taɓa riƙewa da hannunsa ba, ran da aka juya masa tambaya kaɗan a jarrabawa sai ya rikice, ya ce kimiyya ta fi ƙarfinsa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce, kuma ba daga nesa ta zo ba. A shekarar 1965, a birnin Kano aka yi taron masana da ya kafa wani shiri na koyar da kimiyya a makarantun firamare na ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci. Darasin da ya fi suna a cikin shirin a kan ɗan ƙwaron nan ne mai haƙa rami kamar mazurari a cikin yashi, ya ɓuya a ƙasa yana jiran tururuwa ta zamo ta faɗa. Ka'idar darasin ita ce, in yaro ya tambayi malami me ƙwaron yake ci, ko yaya yake haƙa raminsa, malami ya ce masa ya je ya tambayi ƙwaron da kansa. Watau ya kamo shi, ya sa shi a kwano da yashi, ya zuba ido. Wannan ƙwaro har yau yana nan a gindin katangunmu, bai ƙaura ba.

Ke ma uwargida kina iya yin haka da abin da yake madafarki. Ɗauki zoɓo. Ki ɗebi jiƙonsa kafin ki sa sukari, ya huce, ki zuba kaɗan kaɗan a kofuna biyar ko shida, farare in da hali, domin launi ya fito. Ki ajiye wa yaro ɓarin lemun tsami, da jiƙaƙƙiyar kanwa, da gishiri, da ruwan tsamiya, da ɗan ruwan sabulu. Ki tambaye shi, me kake zato zai faru in ka ɗiga wannan a nan? Daga nan ki kama bakinki. Zai ga lemun tsami ya ƙara wa zoɓon haske, ya yi ja wur. Zai ga kanwa ta mai da shi duhu, ya koma wajen kore kore. Gishiri kuwa ba zai sake launin ba, kuma wannan ma sani ne, kada ki ce gwajin bai yi ba. In yaron mai ƙiriniya ne, ba sai kin ce masa komai ba zai matsa lemun a cikin kofin kanwar, ya ga ya yi kumfa, jan kuma ya fara dawowa. A nan ne idonsa zai buɗe. Gobe shi zai zo miki da toka, ko nono, ko ruwan kuka, yana so ya ga me za su yi, kuma ke kanki ba lalle ki san amsar duka ba. Abin da ya gani ɗin nan shi ne ake koya wa 'yan sakandare da wata takarda mai sake launi, wadda take rarrabe abu mai tsami da abu mai kanwa.

Ko kuma ƙwai. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa gwada ƙwan zabi a kwanon ruwa ba kafin ta biya kuɗi? Mai kyau ya nutse, wanda ya daɗe ya taso, saboda ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwan ciki yana fita a hankali, iska tana maye gurbinsa. Ba yaro ƙwai mai kyau da kofin ruwa da gishiri, ki ce ya nemi dabarar da zai sa shi ya taso. Bar shi ya ƙirga cokali nawa ya zuba. In ya ce zai gwada da sukari, ki ba shi kaɗan, ba asara ba ce.

Tambayar randa kuwa ta fi kowace daɗi a wurina. Maimakon ki ce masa ai haka randa take, ku cika kwalba biyu da ruwa, ku naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ku bar ɗaya haka nan, ku ajiye su a inuwa inda iska take kaɗawa. Bayan sa'a guda ya taɓa ya ji. Randa tsatsafo take yi, ruwan da ya fito ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. A kan wannan ne Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da barkono da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai su yi makonni. Dabarar ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar da muke gani kullum ce fa, shi dai ya tsaya ya duba ta.

Na san wata za ta ce ita ba ta yi karatun boko ba, ina ita ina kimiyya. Haba 'yar'uwa! Ke da kika san kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, kika san a zuba tsohon nono a madara ta kwana ta zama kindirmo? Ba a ce ki yi bayani ba. Kalmomi uku ne aikinki: me ka gani, me kake zato, gwada mu gani. Wata kuma za ta ce ɓata wuri ne da ɓarnar kaya. Gaskiya ne za a ɓata wuri. Shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida, in an gama su wanke kofunan da kansu.

Sa'an nan kada a ware 'ya'ya mata. Abin takaici ne a ce yarinyar da ta fi kowa kusa da tukunya da randa, ita ce ake ce wa ta bar wasa ta zo ta yi wanke wanke, wanta kuwa a bar shi yana kwance tsohuwar rediyo ana cewa zai zama injiniya. Muna kukan rashin likitoci mata a asibitocinmu, amma daga tsakar gida ake fara hana su.

Malamanmu na firamare su ma ina roƙonsu. Rashin kayan aiki da yawan yara a aji gaskiya ne, amma gwangwanin madara da ƙwayar wake ba su gagari kowa ba. Kowane yaro ya shuka nasa, wani ya sa a rana, wani a cikin akwati mai duhu, wani ya hana nasa ruwa, bayan mako guda a jera su a gaban aji, yara su faɗi abin da suka gani da bakinsu kafin a rubuta komai a allo.

Sai dai a kula. Wuta da tafasasshen ruwa da kananzir da maganin ƙwari da sodar yin sabulu ba na yara ba ne ko kaɗan. A gaya musu tun farko cewa abin da aka haɗa don gwaji ba a sha, ko da zoɓo ne, kuma babba ya kasance kusa har a gama a zubar.