Ƙauna Marar Sharaɗi: Wa Ake Ɗora Wa Kayan?



Duk wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure a majami'ar da ake sujada da Hausa, ko ta ECWA ce ko HEKAN ko EYN, zai lura da abu guda in ya kasa kunne: alkawarin da ango da amarya ke ɗauka a gaban fasto babu kalmar "idan" a cikinsa. Ba a cewa zan riƙe ki idan kin haihu, ko zan zauna da kai idan albashinka bai tsaya ba. Wannan ita ce ƙauna marar sharaɗi da muke ji a wa'azi. Mu masu harka da kalmomi sai mu lura cewa masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fara fitowa cikakke da Hausa a 1932, "ƙauna" suka zaɓa a nan, suka bar "soyayya". Soyayya kan zo wa mutum ba shiri, ta kuma tafi ba sallama. Ƙaunar da Bulus ya bayyana a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa kuwa aiki ce da mutum ke tashi da shi kowace safiya, ko zuciya ta so ko ta ƙi.

Mun yarda da wannan koyarwa, mun kuma san inda ake gane ta gaskiya. A ƙasarmu, babu jarrabawar da ta kai rashin haihuwa. Auren Kirista mace ɗaya ne, ba ƙofar ƙarin aure. Shekara biyar, shekara goma, gida shiru. Uwar miji ta fara da habaici, ta koma faɗa ƙiri-ƙiri. Kawunai su kira shi gefe su ce a ƙauye akwai yarinya, ba sai majami'a ta sani ba. Namijin da ya tsaya a nan ya ce matarsa ba rijiya ba ce da za a bari don ta ƙafe, ya kuma yarda a je asibiti a gwada su duka biyun, shi ne ya fahimci alkawarin da ya ɗauka. Haka matar da ke juya mijinta a kan gado shekara da shekaru bayan shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan ba a kiran sunansu a taro, amma su ne hujjar koyarwar.

Inda muke da ja shi ne yadda ake raba kayan. Sura ta 5 ta wasiƙar Afisawa ta ɗora wa miji nauyi mafi girma, wato ya ƙaunaci matarsa irin yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikkilisiya. Amma a aikace, wa ake karanta wa darasin haƙuri? Mace. In ta kai kuka wurin dattawa, sai a ce ta ƙara addu'a, ta yi azumi, aure yaƙin mata ne. Shi kuwa a ce masa ya dinga sassautawa, shi ke nan an gama shari'a.

Ba mu manta da Osinachi Nwachukwu ba, mawaƙiyar bishara da ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022. 'Yan uwanta sun shaida wa manema labarai cewa ta daɗe tana shan duka, ta ƙi fita, tana sa rai Allah zai sauya halin mijinta. A watan Afrilun 2025 babbar kotun Abuja ta same shi da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa. Ga mace mai murya da dubban mutane ke saurara, amma kukanta na cikin gida bai sami mai tsayar da shi ba.

A ganinmu an cakuɗa abubuwa biyu. Ƙauna ba ta da sharaɗi, amma kwana ɗaki ɗaya yana da shi. Mace na iya gafarta wa mijinta, ta yi masa fatan shiriya, ta ƙi ɓata masa suna a gaban 'ya'yansa, alhali tana gidan iyayenta inda hannunsa ba ya kaiwa. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne da aka kwaso daga waje. Ko cocin Katolika, da ba ta yarda da saki ba, ta tanadi a sashe na 1153 na kundin dokokinta na 1983 cewa wanda abokin aurensa ke jefa shi ko 'ya'yansu cikin mummunan haɗari yana da dalilin raba wurin zama. Dokar hana cin zarafi da Najeriya ta kafa a 2015 kuma ta mai da dukan mata laifin da kotu ke hukuntawa, ta ba wadda ake cuta damar neman umarnin kariya.

Saboda haka idan mace ta shigo ofishin fasto da kumburarriyar fuska, ko ta raɗa wa shugabar Zumuntar Mata abin da ke faruwa, tambayar farko ita ce ina za ta kwana yau ita da yaranta. Wa'azin ƙauna marar sharaɗi kuma a kira mijin a zaunar da shi a yi masa, tun da shi ayar ta ambata da suna.