Madubin likita a cikin kwali ba ya ganin cuta



Maganar wannan makon a kan madubin likita ce, na'urar nan da ma'aikacin ɗakin gwaji ke leƙawa ya ga ƙwayar cuta a ɗigon jini, fitsari ko majina. Wani zai ce ina ruwan mutumin Ɗantutture da wannan, ga rashin tsaro ga tsadar taki? Da ruwansa ƙwarai. Duk uban da aka rubuta wa ɗansa maganin maleriya da taifod tare ba a ɗebi jininsa ba, ya biya kuɗin rashin wannan madubi.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne. Tsinken gwajin gaggawa yana da amfani, amma iyakarsa ya ce akwai ko babu. Madubi ne ke nuna yawan ƙwayoyin a jini, da ko magani na cin su. Yaron da ke wanka a gefen madatsar Zobe ya fara fitsarin jini, da shi ake ganin ƙwan tsargiya a fitsarinsa.

To, dubi yadda masu wannan kasuwa suke ɗaukar ta. A 2023 kamfanin Olympus na Japan ya sayar wa Bain Capital na Amurka sashensa na madubin bincike da na'urorin duba kayan masana'antu, mai suna Evident, a kan sama da yen biliyan 400. A 2025 kamfanin Wabtec ya sayi ɓangaren na'urorin da ke gano tsagewa a bututu da injin jirgi a kan dala biliyan 1.78. Mai zuba irin wannan dukiya ya san ciniki bai ƙare ranar da aka miƙa na'ura ba. Akwai gyara, kayan sauyi, da horar da mai aiki, shekara da shekaru.

Mu kuwa ƙarfen kawai muke saya. A ba ɗan kwangilar da jiya ya kawo kujerun makaranta, ya je ya ɗauko mafi arha, a jera kwalaye, a yanka kyalle, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Washegari sai sito. Wanda aka buɗe ma, ina man da ake ɗiga wa gilashin da ke ninka abu sau 100, wanda in babu shi ba a ganin ƙwayar maleriya da kyau? Ina rinin Giemsa? Ina mayafin kare ƙurar hunturu? Damina ta zo, raɓa ta sa fumfuna ta cinye gilashin, babu mai gyara kusa. Wallahi wannan asarar dukiyar talaka ce, kuma mara lafiya ne ke biyan ta da jikinsa.

Za a ce ai babu wuta. Madubin zamani ɗan ƙaramin ƙwan LED yake kunnawa, batir da faifan sola ɗaya sun riƙe shi. Za a ce babu kuɗi. Kuɗin da ya isa bikin raba kaya ya isa sayen rini na shekara.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne: kada a biya ɗan kwangila sai ƙwararren ma'aikacin gwaji ya gwada na'urar ya sa hannu. A rubuta gyara da kayan aiki cikin kwangilar. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 a ƙofar gidanmu. Me zai hana ta horar da matasan Dutsin-Ma da Kurfi sana'ar gyaran waɗannan na'urori?

Ran da ɗan siyasa ya zo yana lissafa kayan asibitin da ya raba, kada ku tafa tukuna. Ku tambaye shi guda nawa ke aiki yau, wa ke leƙa su. Ma'aikatan ɗakin gwaji da ke cikinmu kuma, ku faɗa mana halin da naku yake ciki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.